Wa ke riƙe da kundin masu shiga?

A yau da wuya a sami babban ɗan kasuwa ko ma'aikacin biro da ba shi da suna da kalmar sirri a wani zaure na intanet, wato abin da ake kira portail da Faransanci, inda mutum ke shiga ya biya haraji, ko ya duba takardunsa na aiki, ko ya yi odar kaya. Masu fiton kaya a duwan sun saba da haka tun zuwan SYDONIA, tsarin da hukumar CNUCED ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙera. Kowa na shiga yana fita, amma kaɗan ne suka taɓa tambayar inda aka rubuta sunansu, da wanda ya rubuta abin da aka yarje musu su taɓa.

Ba a cikin wayarka aka rubuta ba, ba kuma a kwamfutar biro ba. Zauren yana zaune ne a kan wata babbar na'ura da ake kira uwar garke, kuma a bayansa akwai rumbun bayanai, wanda ke kama da kundaye masu layi-layi. Mu ɗauki WordPress, manhajar da ta fito a 2003, wadda ta fi kowace yawan shafuka a duniya. A rumbunta akwai kundi mai suna wp_users: kowane mutum layi ɗaya, da lambarsa, da sunansa, da adireshinsa na imel, da ranar da aka yi masa rajista, da alamar kalmarsa ta sirri. Izini kuwa ba ya cikin wannan layi. Muƙamin mutum yana wani kundi, wp_usermeta, sa'annan bayanin abin da kowane muƙami zai iya yi yana cikin na uku, wp_options. Muƙamai biyar take zuwa da su, tun daga mai karatu kawai har zuwa shugaba, wanda ke iya ƙara mutum ko ya share shi.

Wannan rabo ba baƙon abu ba ne ga ma'aikacin gwamnati. Ikon sa hannu a takardar fitar da kuɗi na kujera ne. Wanda aka naɗa ya same shi, wanda aka sauke ya bar shi. A 1992 wasu masana biyu na hukumar NIST ta Amurka, David Ferraiolo da Richard Kuhn, suka shimfiɗa wannan ƙa'ida ga kwamfuta: a ɗaura izini a kan muƙami, sa'annan a ba mutum muƙamin. Tun kafin su, a 1975, Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun ce kada a ba kowa ikon da ya wuce abin da aikinsa ke bukata. Mai tsaron mangaza yana bukatar ganin yawan buhuna. Ba ya bukatar ikon sauya farashi.

Ita kalmar sirri, zauren kirki ba ya ajiye ta yadda take. Niƙa ta yake yi da wani lissafi wanda ba ya komawa baya, kamar yadda gari ba ya komawa tsaba. Ranar da ka zo shiga, sai ya niƙa abin da ka rubuta, ya gwada da garin da ke ajiye. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs suka bayyana dabarar ƙara wa kowace kalma wasu haruffa na daban kafin niƙa, abin da ake kira gishiri, don kada mutum biyu masu kalma ɗaya su sami gari iri ɗaya. Waɗanda suka yi sakaci sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2009 an kwashe kalmomin sirri miliyan 32 daga kamfanin RockYou, duka a fili ba niƙa. A 2012 an sace na LinkedIn, niƙaƙƙu amma ba gishiri. Da farko an ga miliyan 6 da rabi, a 2016 aka gano sun zarce miliyan 100. Ga gwaji mai sauƙi: idan ka manta kalmarka, zauren ya aiko maka da tsohuwar yadda take, to ba a niƙa ta ba.

Manyan ma'aikatu masu zaure goma ko ashirin ba su cika barin kowane zaure da kundinsa ba. Sukan tara sunaye a kundi guda na tsakiya, kowane zaure ya riƙa tambayarsa ta hanyar LDAP, ƙa'idar da ta fito a 1993 da hannun masanan jami'ar Michigan. Active Directory, wanda Microsoft ya fitar tare da Windows 2000, shi ne ya fi shahara. Akwai kuma hanya ta uku, inda zauren ke cewa ka shiga da asusunka na Google ko Facebook. A nan kundin sunaye yana hannun wani kamfani a wata ƙasa, zauren yana karɓar shaidarsa ne kawai. Amfanin kundi guda shi ne, in an soke suna sau ɗaya, duk ƙofofi sun rufe. Amma sau da yawa suna yana tsakiya, izini yana cikin zaure, ko kuma wani zaure yana da nasa ƴan asusu a gefe, waɗanda ba wanda ke tunawa da su.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2021, ƴan damfara sun shiga na'urorin Colonial Pipeline, kamfanin da bututunsa ke ɗaukar kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha. Sun bi ta wani asusun shiga daga nesa wanda an daina aiki da shi amma ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kaɗai ke tsare da shi. Bututu ya tsaya kwanaki, gidajen mai suka ƙafe, kamfani ya biya fansar dalar Amurka miliyan 4.4. To, mu duba namu gida. Ana yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, wani ya yi ritaya, yaron kanti ya ɓata da maigida ya tafi. Ana karɓe makullin biro da hatimi a rubuta takardar miƙa aiki, amma layinsa a kundi yana nan da ransa.

Saura wanda ba a cika ambato ba, wato mai gyara. Zauren kansa yana bukatar makulli don buɗe rumbu, kuma a WordPress wannan makulli yana rubuce a fili cikin fayil mai suna wp-config.php. Duk wanda ya kai ga fayil ɗin, ko ga rumbun, zai iya sauya layi ɗaya ya naɗa kansa shugaba ba tare da ya san kalmar kowa ba. Haka nan kwafin ajiya da ake ɗauka don gudun ɓacin rana: kundin ne sukutum, ko da yana cikin ɗan makullin USB a aljihun wani. Alhajin da ya biya aka gina masa zaure, amma hayar uwar garke da asusun shugaba suna da sunan wanda ya gina, ɗan haya ne a gidan da ya biya kuɗin gininsa.

Saboda haka, darakta ko maigida, ba sai ka iya kwamfuta ba kafin ka nemi abu uku. A faɗa maka inda kundin yake da sunan wanda ke kan takardar haya. A buga maka jerin masu muƙamin shugaba, ka karanta shi da idonka, ka nemi bayanin duk sunan da ba ka sani ba. A kuma sa rufe asusu cikin takardar miƙa aiki, layi ɗaya da makulli da hatimi. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, kuma sunayen da ke cikin kundin nan amanar jama'a ce a wuyan mai zauren.

Sai mako mai zuwa.