Ya haddace jihohi 36, bai iya zana hanyar gonarsu ba

1/ Jama'a, ku matso a yi maganar nan. A firamarenmu ana sa yara su rera jihohi 36 da manyan biranensu har muryarsu ta dishe. Amma ka miƙa wa ɗan aji biyar a Rimin Gado fensir ka ce ya zana hanyar gidansu zuwa gona, sai ya tsaya yana kallonka.

2/ Kuma wallahi ba daƙiƙanci ba ne. Yaron nan ya san gabas tun ranar da ya fara sallah. Ya san kukar da ke bakin gonarsu, ya san inda gamba ta raba su da maƙwabci. Taswirar tana cikin kansa, sauke ta a takarda ne ba wanda ya koya masa.

3/ Kar wani ya zo min da "ai taswira harkar Turawa ce". A 1824, a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato aka zana wa Clapperton taswirar ƙasar nan, ya tafi da ita aka buga a Landan a 1826. Bature ne ya zo roƙo.

4/ Abin da nake nema ba tsada. Ɗan littafi mai hotuna, da Hausa. Yarinya ta kai wa babanta fura gona: ta wuce masallaci, ta wuce rijiya, ta tsallaka titin Gwarzo. A shafin ƙarshe a nuna garin daga sama, yadda shirwa ke ganinsa. Daga nan malam ya fito da yara tsakar makaranta, kowa ya zana unguwarsu a ƙasa da tsinke, dutse ne masallaci, marfin kwalba rijiya, a auna nisa da taki.

5/ African Storybook na da littattafan Hausa kyauta a intanet, ana iya farawa da su. Amma masu zanenmu fa? Kullum hoton 'yan siyasa, ba mai zana Gulu ko Butu-Butu wa yara.

6/ Ga inda abin ke min ciwo. Birnin Kano na ta cinye gonaki ta yamma, daga sabuwar BUK zuwa Janguza. Dillali zai zo da takardar awo, ya shimfiɗa a gaban dattijo, a ce dangwala nan. Duk gidan ba mai gane ina ne arewa a jikinta, har da ɗan da ya gama sakandare. Haka rabon gado, 'yan uwa su daina gaisawa a kan taki biyar.

7/ A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. To madalla, a gyara azuzuwa. Amma SUBEB, me za a karanta a ciki? Ku buga littafin nan, ko shafi 16 ne, ku fara gwadawa a Rimin Gado.