Ma'aikaci da kujerar ofis: Ina za a samo minti 30 na motsa jiki?

Da wuya ka tambayi ma'aikacin ofis abin da ya hana shi motsa jiki bai ce maka babu lokaci ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Wanda ke zaune a Mararaba ko Suleja yana aiki a tsakiyar Abuja yakan bar gida gari bai gama wayewa ba, ya zauna a mota cikin cunkoso, ya zauna gaban kwamfuta daga ƙarfe takwas zuwa huɗu ko fiye, sannan ya sake zama a mota a hanyar komawa. Idan ya iso ga aikin makarantar yara, ga gaisuwar mutuwa, ga biki, ga suna. Idan mace ce, wani sabon aikin ne ke jiranta a kicin.

Duk da haka muna ganin bai kamata magana ta ƙare a nan ba. Lokacin da jiki yake nema bai kai yadda mutane ke zato ba, kuma wanda bai ba shi da daɗi ba, wata rana zai ba shi a layin ganin likita.

Abin da dogon zama ke yi wa jiki

Tun a 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jeremy Morris, ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan manyan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuma yana wuni yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Daga nan likitoci suka fara ɗaukar zaman wuri ɗaya a matsayin matsalar lafiya.

Dalilin a fili yake. Tsokar cinya da ta ƙafa su ne mafi girma a jikin mutum. Idan suna aiki sukan janye sukari daga cikin jini su ƙone shi, su kuma ci kitse. Idan aka bar su awa da awanni ba motsi, sukarin da kitsen sai su daɗe suna yawo a jini, abin da ya yi saura ya taru a ciki. Sannu a hankali teɓa ta fito, jini ya hau, ciwon suga ya samu ƙofa. Kafin a kai can ma, ciwon baya da na wuya da yawan kasala sun riga sun fara sallama.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kimanin biliyan 1.8, ba su yin motsin da ya ishe su a 2022. Hukumar ta ce idan aka ci gaba a haka adadin zai kai kashi 35 zuwa 2030. Ta kuma ce haɗarin mutuwa ga marasa isasshen motsi ya ɗara na masu motsi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Me ya sa abin ya shafe mu

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wani abu wai shi ɗakin motsa jiki ba, domin ba su da buƙatarsa. Noma, daka, surfe, jan guga, faskare da tafiya kasuwa a ƙafa sun ishe su. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi na guga, babur da Adaidaita Sahu sun karɓi na ƙafa. Ba mai son komawa wahalar da, amma tuwon da muke ci bai ragu ba, sai ma lemon kwalba da soye-soye da suka ƙaru a kai.

Ga kuma wata fahimta da ya kamata mu sake dubawa. Har yanzu idan ma'aikaci ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zauna, idan kuma aka ga babban mutum yana tafiya a ƙasa sai a fara raɗe-raɗin ko ya sayar da motar ne. Wannan kunyar ta hana mutane da yawa taka ƙasa.

Kimanin mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba sai ranar da ya kayar da su. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita, shanyewar ɓarin jiki ba cutar mutum ɗaya ba ce. Idan ta kama magidanci ɗan shekara 45 ko 50, kuɗin makaranta ne ke komawa kuɗin magani, fili ne ake sayarwa, matar gida ce ke ajiye sana'arta ta koma jinya. Saboda haka mai cewa hidimar iyali ce ta hana shi motsa jiki ya sake lissafi: iyalin nan su ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu idan ya kwanta.

Nawa ake buƙata?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babban mutum na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ko kuma minti 75 zuwa 150 na motsi mai ƙarfi, kamar gudu ko ƙwallo. Sai kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

A yi lissafi. Mako guda minti 10,080 ne. Minti 150 kuwa bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin 100 na wannan ba. Minti 30 ke nan a rana sau biyar a mako. Mai karanta wannan a wayarsa yana iya duba inda wayar ke nuna awannin da ya yi a kanta jiya, ya ga nawa Facebook da TikTok da WhatsApp suka ci.

Abu biyu za su ƙara sauƙaƙa lamarin. Na farko, ba dole ne a yi minti talatin ɗin a haɗe ba. A da ana cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin ya shiga lissafi, amma ƙa'idar 2020 ta cire wannan sharaɗi. Minti biyar nan, goma can, duk suna taruwa. Na biyu, ba a buƙatar wata na'ura kafin a gane motsi matsakaici. Idan numfashinka ya ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, to ka kai.

Shi ma taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa ba doka ba ce. Asalinsa sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfanin Japan ya fitar a 1965. Binciken da aka yi daga baya ya nuna amfanin yana farawa tun kafin a kai wannan adadi. Mai yin taku 3,000 idan ya koma 6,000 ya ci riba.

Sai dai kada a ɗauka minti 150 ya wanke dogon zama gaba ɗaya. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2016, wanda ya tattara bayanan mutum sama da miliyan ɗaya, ya nuna cewa mai zaman awa takwas a rana sai ya yi motsi na minti 60 zuwa 75 kullum kafin ƙarin haɗarin ya gushe. Wato minti 30 mafari ne, kuma dole a haɗa shi da rage zaman kansa.

Inda lokacin yake ɓoye

Wanda ke jiran ranar da hidima za ta ragu zai daɗe yana jira. Dabarar ita ce a cusa motsin cikin abin da dama ake yi.

A hanyar aiki, a sauka daga mota tun da sauran tafiyar minti goma, a ƙarasa da ƙafa. Idan aka yi haka safe da yamma an samu minti 20, wani lokacin har da ragin kuɗin mota, abin da ba a rainawa tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Mai mota ya ajiye ta nesa kaɗan da ƙofar ofis.

A ofis, a miƙe duk bayan rabin awa ko awa guda, ko da na minti biyu ne. A amsa waya a tsaye. A kai fayil da kai maimakon kiran masinja. A hau bene ta matakala. Bayan cin abincin rana a yi ɗan zagaye na minti goma, domin tafiya bayan cin abinci na rage yadda sukari ke tashi a jini.

A unguwa, duk inda bai wuce tafiyar kwata ba, kamar masallaci, coci, shago ko makarantar yara, a bar babur a gida. Minti 20 na sanyin asuba kafin yara su tashi sau da yawa shi ne kaɗai lokacin da ba mai nemanka.

A gida, tabarma ɗaya ta isa. Tsugunawa da miƙewa sau goma zuwa goma sha biyar, danna ƙasa da hannu ko jingina da bango ana turawa, ɗaga galan mai ruwa, tsallen igiya: kwata ɗaya ya isa a zagaya su duka, ba rajista, ba kuɗin wata.

Su ma yaran ba cikas ba ne. Hukumar ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar kimanin awa guda na motsi kullum, kuma waya da talabijin sun fara zaunar da su kamar yadda ofis ya zaunar da iyayensu. Uban da ya fita buga ƙwallo da 'ya'yansa da yamma, ko uwar da ta shiga tsallen igiya da su a tsakar gida, sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Wanda kwanakin aiki suka gagare shi sam, kada ya fid da rai. Bincike ya nuna masu tara motsinsu a Asabar da Lahadi su ma suna samun kaso mai tsoka na amfanin. Masu fita gefen tafkin Jabi a Abuja, ko dandalin Murtala a Kaduna, ko filin sukuwa a Kano da safiyar ƙarshen mako ba ɓata lokaci suke yi ba.

A dai fara a hankali. A guji tsakar rana a watannin zafi, a sha ruwa, a sa takalmin da ba ya matsi. Mai ciwon zuciya, mai hawan jini ko ciwon suga da bai daidaita ba, da mai juna biyu, su fara jin shawarar likita. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Mata sun fi shan wuya

A alƙaluman hukumar, kashi 34 cikin 100 na mata ne ba sa samun isasshen motsi, maza kuma kashi 29. A wajenmu dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Namiji zai sa wandon wasanni ya fita ba mai kallonsa, mace kuwa sai ta yi tunanin bakin mutane, da tsaron hanya, da wanda za ta bar wa yara. Shara da wanki da hannu suna shiga lissafin motsi, amma tsayuwa a kan tukunya gajiya kawai take kawowa.

A nan magidanta na da rawar takawa. Riƙe yara na rabin awa, ko raka uwargida zagayen unguwa bayan magariba, ya fi sauƙi a kan raka ta asibitin masu ciwon suga duk wata. Matan unguwa ɗaya ko ofis ɗaya kuma suna iya haɗuwa su uku ko huɗu su sa rana, kamar yadda ake haɗa adashi. Abin da aka yi alƙawari da wani ya fi wuyar fashi.

Ba aikin mutum ɗaya ba ne

Zai zama rashin adalci a ɗora komai a kan ma'aikaci. A yawancin biranenmu gefen titi na masu tafiya a ƙasa ko dai babu shi, ko 'yan tireda da motoci sun mamaye shi. Filayen wasa na unguwanni da makarantu suna komawa shaguna. Inda babu fitilar titi kuma ana fargabar masu ƙwacen waya, ba wanda zai fita tattaki da asuba.

Wasu biranen sun nuna abin mai yiwuwa ne ba tare da kashe maƙudan kuɗi ba. Birnin Bogota na Kolombiya tun shekarun 1970 yake rufe manyan tituna ga motoci a safiyar Lahadi domin masu tafiya da masu keke, yanzu tsawonsu ya haura kilomita 100. Kigali ta Ruwanda ta fara nata a 2016, kuma tana yi sau biyu a wata. Ba abin da zai hana Kano, Kaduna, Sakkwato ko Yamai ware titi ɗaya na awa uku a safiyar Asabar, da jami'an tsaro, da sashe na mata.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi da su sa hanyar masu ƙafa a cikin kowace kwangilar titi, su kare filayen wasa daga masu yanka su, su buɗe filayen wasanni ga jama'a a wasu awanni. Shugabannin ma'aikatu da kamfanoni kuma su daina kallon wanda ya miƙe daga tebur a matsayin malalaci, su tabbatar hutun rana hutu ne, su riƙa shirya gwajin hawan jini da na suga ga ma'aikatansu. Ma'aikacin da ya kwanta jinya wata uku ya fi cin ma'aikata asara a kan wanda ya ɗauki kwata yana miƙe ƙafa.

Kafin hukumomi su motsa, kowa ya fara da abin da ke hannunsa. A je a gwada jini a wannan makon. A zaɓi lokaci ɗaya a rana, ko da minti goma ne, a riƙe shi kamar yadda ake riƙe lokacin shiga ofis, sannan a riƙa ƙarawa. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, kuma rigakafi ya fi magani. Kujerar ofis, ranar da mai ita ya kasa tashi, wani za a ba. Gida kuwa ba shi da madadinsa.