RA'AYI: Zafin injin babur a ƙafar mutumin Ngojin da alhakin masu rubuta takardun saye a Abuja

Tun watan Oktoban 2006, lokacin da Hukumar Babban Birnin Tarayya a ƙarƙashin Malam Nasir El-Rufa'i ta hana 'yan acaɓa aiki a tsakiyar Abuja, babur ya yi nisa da idon yawancin masu tsara manufofin ƙasar nan. Ma'aikacin da ya tashi daga Sakatariyar Tarayya ba ya haɗuwa da shi sai ya kai Nyanya ko Mararaba. A takarda kuwa babur bai taɓa barin Abuja ba. Ana sanya shi a kasafin kuɗi, ana sayen sa ɗaruruwa a ayyukan mazaɓu, ana raba shi ga matasa da malaman gona da ma'aikatan lafiya, a ɗauki hoto, a rufe fayil. Abin da ba ya shiga fayil shi ne halin da ƙafar mahayin ke ciki idan bazara ta tsaya a garin da aka kai babur ɗin.

A ɗauki Ngojin, a mazaɓar Ngojin/Alaraba ta Ƙaramar Hukumar Potiskum a Jihar Yobe. Mutanen wannan yanki sun san darajar babur fiye da kowa, domin sun ɗanɗana rashin sa. A 2012 aka haramta hawan babur a jihar saboda rikicin Boko Haram, kuma sai bayan kimanin shekara goma gwamnatin Mai Mala Buni ta ɗage haramcin. Da babur ya dawo, ya tarar da aikinsa na jiran sa: zuwa gona, kai hatsi kasuwa, zirga-zirgar kasuwar shanu ta Potiskum wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, da kai malami makarantar ƙauye. Ya kuma tarar da bazara, inda a watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan yanayi mahayi yana zaune ne tsakanin wuta biyu, ta sama da ta ƙarƙashin cinyarsa.

Ya kamata a fahimci daga ina wutar ƙasan ke fitowa. Injin fetur ba ya mayar da man da ya ƙona zuwa tafiya sai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, in ya yi ƙoƙari ɗaya cikin uku. Ragowar duk zafi ne, kuma dole ya sami hanyar fita. Mota tana da lagireto da ruwa da fanka. Baburan da suka cika hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, iska ce kaɗai ke sanyaya su. Shi ya sa aka yi wa kan injin siraran ƙarafa jere kamar haƙarƙari, domin iskar da ke wucewa ta kwashe zafin. Iskar da ta kwashi zafin kuwa ba ta da wata hanya sai ta bi ta ƙwaurin mahayi da sha-raɓarsa. Ga kuma bututun salansa, wanda daidai inda ya fito daga inji zafinsa kan kai digiri ɗaruruwa, yana miƙe ƙasa da taki ɗaya daga idon sawu.

Fatar ɗan Adam ba ta da juriyar da muke zato. Abin da zafinsa ya kai digiri 60 yana ƙona ta cikin 'yan daƙiƙu, kuma zafin da bai kai haka ba yana iya yin illa idan ya daɗe a wuri ɗaya. Akwai kuma wani abu da mahaya da yawa ba su lura da shi ba. Zafin fata bai wuce digiri 35 ba, saboda haka idan iskar gari ta haura wannan, gudu ba ya kawo sanyi kamar yadda yake kawowa da hunturu. Ƙara wa jiki zafi yake yi, yana busar da gumi da sauri, yana jawo ƙishirwa da jiri. Mutumin da ya naɗe wandonsa ya sa silifas don ya sha iska ya buɗe ƙafarsa ne ga hucin inji da hucin kwalta a lokaci guda.

Za a ce wannan ƙaramar magana ce a ƙasar da ke fama da yunwa da rashin tsaro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙunar salansa a ƙafar magidanci na iya zaunar da shi makonni, a lokacin sharar gona, kuma gidan da ke cin abin da aka samo yau ba shi da ajiyar makonni. Ga mai ciwon suga, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka rage ji, ƙuna na iya kama shi bai sani ba, ta zama gyambon da ya ƙi warkewa. Mata da yara da ake goyawa a baya suna saukowa ta ɓangaren dama, inda salansa take, kuma duk wanda ya girma a Arewa ya san wannan tabon mai siffar ƙwai a sha-raɓa. Mahayin da zafi ya dama yana buɗe gwiwa, yana ɗage ƙafa daga mataki, wato yana nesanta ta daga birkin baya. Daga nan zuwa haɗari ba nisa.

Wani ɓangare na wannan zafi daga Abuja ya taso. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai babur ya nemi mafita a inda hannunsa ya kai, wato wurin bakanike, a matse masa kafireta don ta rage shan mai. Idan mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa a cikin abin da inji ke ƙonawa, zafinsa ƙaruwa yake yi. Abin da aka tsimi a gidan mai sai a biya shi da fistin da bawul, a kuma biya shi da fata. Haka nan tsadar baƙin mai ta sa ana jinkirta juye, ko a sayi na kwalba wanda ba a san asalinsa ba, alhali a injin da ba shi da ruwa baƙin mai yana cikin abubuwan da ke kwashe zafi. Ba na kawo wannan don sake buɗe muhawarar tallafi ba. Na kawo shi ne don mai rubuta manufa ya ga inda alƙalaminsa ke sauka.

Abin farin ciki shi ne yawancin maganin ba shi da tsada, kuma rabinsa yana hannun mahayi da bakanikensa. A wanke haƙarƙarin inji daga ƙura da taɓo da maiƙon da ya daskare, domin datti bargo ne a jikin ƙarfe. A yi wankin bayan inji ya huce, saboda ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi na iya tsaga shi. A mayar da kafireta daidai yadda kamfani ya tsara, kuma fulogi zai ba da shaida: idan bakinsa ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, idan ya yi ruwan ƙasa, an dace. A tsabtace matatar iska, kada a cire ta. A juye baƙin mai a kan lokaci, da irin wanda littafin babur ya ambata. A duba iskar taya da ɗaurin sarƙa da birkin da ke kamawa, domin duk abin da ya sa inji wahala zafi yake haifarwa, haka ma lodin buhu uku a kan injin da aka yi don mutum biyu. Idan tsayuwa za ta yi tsawo, a kashe inji, tunda babur a tsaye ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi.

Sai kuma kariya tsakanin ƙarfe da fata. Yawancin babura suna zuwa da wani faifan ƙarfe a kan salansa, wanda aka ɗaga shi kaɗan don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Wannan ɗan giɓin shi ne sirrin aikinsa. Sau da yawa ƙusarsa kan kwance ya faɗi, ko a cire shi saboda ƙara, ko a canza salansa da wata mai araha wadda ba ta da shi. Mai walda na iya ƙera wani da guntun alminiyam, muddin ya bar giɓin, kuma bai toshe hanyar iskar da ke zuwa kan inji ba. Wannan gargaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin wasu kan ɗaura kwali ko buhu ko leda a gaban inji don kare ƙafa, sai injin ya shaƙe, zafin ya ninka. Game da sutura, wando mai kauri na auduga wanda ya sauka har idon sawu, da takalmi sau-ciki, sun fi yadin roba, wanda ke narkewa ya manne wa fata. Wanda ke da zaɓi ya yi tafiyarsa da sassafe ko bayan la'asar, ya riƙe ruwan sha. Idan ƙuna ta auku, a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a nufi asibiti. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da baƙin mai ba magani ba ne, ƙazanta suke ƙara wa ciwo.

Ɗaya rabin maganin yana kan teburin masu karanta wannan shafi. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ɗora wa ma'aikatar da za ta yi saye alhakin fayyace siffar abin da take so. Jami'in saye ko hadimin ɗan majalisa da ke rubuta takardar babura ɗari biyu yana iya ƙara layi uku: kowane babur ya zo da faifan kariya a kan salansa har da ɓangaren fasinja, da ƙarfen kare ƙafa, da takardar bayanin kulawa cikin Hausa. Yana iya sanya takalmi sau-ciki da baƙin mai na juyen farko a cikin abin da za a miƙa tare da hular kwano. Kuɗin wannan bai kai na rumfa da kujerun bikin rabon ba. Ma'aikatun da ke ba malaman gona da jami'an allurar rigakafi babur su tuna cewa Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, ta shafi raunin da aka samu a bakin aiki. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi diyya araha.

Hukumomi ma kowace da nata. Hukumar SON, mai kula da ingancin kaya, da hukumar NADDC, mai kula da ƙera ababen hawa, su ne ke da ikon cewa kada a shigo da salansa ko a harhaɗa babur a ƙasar nan ba tare da faifan kariya ba. Hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, tare da SON, su ne ya kamata su bi sawun jabun baƙin mai har kasuwannin ƙauye. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda ta fara tilasta sanya hular kwano a farkon 2009, tana iya ƙara maganar ƙafa a cikin wayar da kan da take yi a tashoshi. Hukumar NiMet tana fitar da gargaɗin tsananin zafi duk bazara. Abin da ya rage shi ne gargaɗin ya isa gidajen rediyon Yobe cikin harsunan mutane, da shawara ta musamman ga masu babur. A cikin garin Potiskum kuma akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha. Bitar kwana biyu ga bakanikan babur kan daidaita kafireta da ƙera faifan kariya ba ta fi ƙarfin sashen koyar da ƙere-ƙere ba, idan an ware mata ɗan abin da za ta ci.

Wasu za su ce a jira zamani ya kawo sauƙi, a koma babura masu lagireto ko masu lantarki. Masu lagireto sun fi tsada, sun fi wuyar gyara a ƙauye, kuma fankarsu ma iska mai zafi take hurowa ƙafa idan an tsaya. Masu lantarki ba su da salansa, wannan gaskiya ne, amma suna bukatar wutar caji mai ɗorewa, batirinsu kuma ba ya son tsananin zafi. Ko da za su zo, manomin Ngojin zai yi bazara da yawa a kan Boxer ɗinsa kafin su iso. Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, saboda haka babu dalilin zaton bazarar gobe za ta fi ta jiya sauƙi.

Ana auna aikin gwamnati da abin da ya tarar da mutum a jikinsa. Babur ɗin da aka raba yana iya zama hanyar abinci, yana kuma iya zama dalilin kwanciya jinya, kuma bambancin sau da yawa bai wuce guntun ƙarfe da ƙusa biyu da layi uku a takardar kwangila ba. Kafin a sa hannu a fayil na gaba, ya kamata wani a ofishin ya tambayi ɗan kwangila ko salansar tana da kariya, ya kuma nemi a nuna masa.