Sabbin magungunan ciwon damuwa: kada kunya ta sa mu yi shiru

A 'yan shekarun nan ana ƙara rubuta wa masu ciwon damuwa magunguna irin su fluoxetine, sertraline da escitalopram, bayan tsohon da aka saba da shi, wato amitriptyline. Sabbin ba su kai tsohon haɗari ga zuciya ba idan an sha fiye da ƙima, amma su ma suna da nasu illolin. A ganina, abin tsoron shi ne yadda muke ɓoye illolin.

Makonnin farko sukan zo da tashin zuciya, ciwon kai ko rashin barci, alhali sauƙin ciwon kan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji shi. Akwai kuma raguwar sha'awar iyali, wadda magidanci ba zai iya faɗa wa kowa ba. Sai ya ajiye maganin a ɓoye, kwana kaɗan jiri da baƙin rai su taso masa, a gida a ce maganin asibiti ya ƙara rikita shi. Da ya gaya wa likita, da an rage masa ko an sauya masa wani.

Iyaye, ku sa ido. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa waɗannan magunguna na iya ƙara wa yara tunanin kashe kai a farkon shan su, a 2007 ta haɗa da matasa har masu shekara 24. Idan yaro ya kasa zama wuri ɗaya ko ya fara zancen mutuwa, a kai shi asibiti a ranar.

Haka nan haɗa su da tramadol na iya kawo zazzaɓi, karkarwa, ruɗewa har da farfaɗiya. Wanda ke shan tramadol ya faɗa wa likita gaskiya.

Wani zai ce to a bar maganin mana. A'a, ciwon damuwa da aka ƙyale shi ma yana kisa. Abin da nake roƙo shi ne kada mu saye shi a kemis don ya yi wa maƙwabci aiki. Muna da likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan Bauchi, kuma NAFDAC na karɓar rahoton illar magani. Mu raka 'yan uwanmu asibiti, mu riƙa tambayarsu yadda suke ji. Allah ya ƙara mana lafiya.