Haƙoran yaro ba abin wasa ba ne

Sau da yawa, in muka ga baƙin tabo a haƙorin yaro, sai mu ce: «Ƙyale shi, ai zai yi famfara, wasu su fito.» Wannan magana ta zauna a bakinmu, daga Birni da Zango har ƙauyukan Mirriya da Magarya. Mu kuwa muna ganin kuskure ce, kuma ƴaƴanmu ne suke biyan kuɗinta.

Haƙoran farko guda 20 ne. Suna fara fitowa wajen wata 6, su kammala kafin yaro ya cika shekara 3. Famfara tana farawa wajen shekara 6, ba ta ƙarewa sai kusan shekara 12. Ke nan akwai turamen da za su yi wa yaro aiki kusan shekara 10. Wane manomi ne zai bar hauyar da zai yi damina goma da ita ta kwana cikin ruwa?

Aikinsu uku ne. Na ɗaya, tauna. Yaron da aka yaye yana bukatar wake, ƙuli-ƙuli, nama da ganye. In haƙori yana yi masa ciwo, sai ya koma kunu da fura kaɗai, jiki ya rame, tamowa ta samu ƙofa. Na biyu, magana. Da taimakon haƙoran gaba harshe yake koyon fitar da haruffa daidai. Na uku, tsaron wuri. Ƙarƙashin kowane haƙorin farko akwai babban haƙori yana jira. In na sama ya faɗi tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa sai su karkato su cike giɓin, sabon ya rasa hanya, ya fito a karkace. In kuma ya ruɓe ya tara mugunya, yana iya ɓata wanda ke ƙasa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Mu mutanen Damagaram mun san cutar da likitoci ke kira «noma». Sunanta bai da alaƙa da noman gona. Cuta ce mai cin baki da fuska, ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6. Tana farawa da kumburin dasashi, jini da warin baki, musamman ga yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda. Cikin ƴan kwanaki sai ta huda kumatu. Yawancin yaran da ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Amma in an gane ta da wuri, maganin likita yana tsayar da ita. Tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis take kula da irin waɗannan yara a nan Zinder, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Uwar da ta saba duba bakin ɗanta ita ce za ta fara ganin alama.

Wani zai ce: «Mu talakawa ne, ina muka ga kuɗin buroshi da man goge baki?» Gaskiya ne, zama ya yi tsada. Amma tsumma mai tsabta da asawaki ba su fi ƙarfin kowa ba. Kuɗin alawa da biskit da muke ba yaro don ya yi shiru ma, in an tara su, sun sayi buroshi. Sukarin da ke kwana a baki shi ne abincin ƙwayoyin da ke huda haƙori.

Wani kuskuren kuma: in jariri ya yi gudawa ko zazzaɓi mai zafi, sai mu ce haƙori ne. Fitar haƙori tana kawo yawu, ƙaiƙayin dasashi da rigima. Ba ta kawo gudawa mai tsanani. Yaron da ke zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita, kada a tsaya jiran haƙori.

Ga abin da muke roƙon kowane gida:

1. A goge haƙoran yaro safe da dare, tun daga na farko.
2. A rage alawa da kayan zaƙi, musamman kafin barci.
3. A buɗe bakin yaro a duba sau ɗaya kowane mako, cikin hasken rana.
4. In an ga jini, kumburi ko wari, a tafi likita ran nan.
5. A yi wa yaro allurar rigakafin ƙyanda.

Wannan aiki ba na uwa kaɗai ba ne. Maigida da ke zagaya gonarsa kowace safiya don duba tsiro, ya duba bakin ɗansa ma. Mu da Allah ya ba ikon karatu a ajin yaƙi da jahilci, mu karanta wa maƙwabtanmu wannan shafi yau da dare.