Addu'a Roƙo Ce, Ku Daina Rubuta Ta Kamar Sammaci



Wani salon rubuta addu'a ya shigo mana, yana yawo a WhatsApp da Facebook, har ya isa wayoyin Masihiyawan Yalwa da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya. Kun san shi: na umarta, na zartar, kafin kwana bakwai kuɗi za su same ka, rubuta Amin ka tura wa mutum goma. Yawancinsa abin da ake zubawa da Turanci ne a Legas da Amurka, aka sa masa rigar Hausa. Wannan rubutu cuta ne, kuma mu masu alƙalami ne muke yaɗa shi.

Ko a gidan Bahaushe, yaushe ɗa ya taɓa yanka wa mahaifinsa wa'adi? To balle Mahalicci. Ku buɗe Matiyu sura 26. A Getsamani, Yesu Almasihu ya roƙi Uba har sau uku a ɗauke masa wahalar da ke gabansa, yana kuma barin hukunci a hannun Uban. Ba a ɗauke ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, kamar yadda ya faɗa a 2 Korintiyawa sura 12. Ƙayar ta zauna, aka ba shi alherin jure ta. Dauda ya yi azumi yana kuka saboda jaririnsa, a rana ta bakwai yaron ya rasu, ya tashi ya yi wanka ya je ya yi sujada. Wa zai ce waɗannan ba su iya addu'a ba?

Tarihinmu ma shaida ne. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu. A 1894 ciwo ya kashe Gowans da Kent, Bingham ya koma gida ba tare da ya kafa komai ba. Sai 1902 mishan ɗinsu ta SIM ta samu zama a Patigi, daga cikinta kuma ECWA ta fito a 1954, ekklisiyar da Masihiyawa da dama na kudancin Kano ke sujada a cikinta yau. Da a ce ma'aunin addu'a shi ne amsa cikin mako guda, da sai mu ce mutanen nan sun yi asara.

Yanzu ku dubi wanda ke karanta mu. Manomi ne mai dawa da gyaɗa, wanda ya ji labarin farin 1973 daga bakin iyayensa, ya san ruwa kan ɗauke a gonar mai ibada kamar yadda yake ɗaukewa a ta maƙwabcinsa. Ko gwauruwa ce da aka ce ta sayar da akuyarta ta "shuka iri" a hannun wani mai wa'azi don ɗanta ya warke. Idan yaron bai tashi ba, me aka bar mata? Babu akuya, babu ɗa, ga zargin wai bangaskiyarta ce ta gaza. Marubucin da ya tsara waccan addu'a yana da hannu a hawayenta.

Wani zai ce ai Littafi Mai Tsarki ya yi alkawarin amsa wa mai roƙo. Gaskiya ne. Amma 1 Yohanna sura 5 ta ɗaura alkawarin a kan roƙon da ya dace da nufin Allah, Yaƙub sura 4 kuma ta tsawata wa masu roƙo don biyan sha'awarsu. Ɗaukar rabin magana a bar rabi ha'inci ne, ko a kasuwar Rano.

Wani kuma zai ce miƙa wuya ga nufin Allah lalaci ne. Ina! Mai miƙa wuya shi ne ke sammakon zuwa gona, ya kai mara lafiya asibiti, ya yi ta naci a addu'a, sannan ya karɓi abin da ya zo ba tare da ya juya wa Ubangijinsa baya ba.

Saboda haka idan za ku rubuta addu'a, a waƙa ko a bakin wani cikin labarinku, ku bar mai roƙon ya faɗi damuwarsa yadda take, da sunanta: taki, kuɗin makaranta, haihuwa. Ku sa ya gode, ya tuba, ya yafe wa wanda ya cuce shi. Ku bar shi ya jira. Wani lokaci ma ku ƙare labarin ba a ba shi abin da ya nema ba, mu ga yadda zai tashi da safe. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Likita Mila na Wusasa ya yi wa hidimar shekaru. Harshen roƙo ba baƙo ba ne a wurinmu. Ba mu da uzurin aron harshen tsawa mu fuskanci Allah da shi.

Allah ya sa alƙalumanmu su faɗi gaskiya.