ZAUREN ZANGO: Kayan ƙaura da motar da ke komawa fanko

 

A watan jiya mun raka wata gwaggonmu tasha. Mijinta ya rasu, ta gama takaba, 'ya'yanta da ke Kumasi suka ce ta koma wurinsu. Shekara 40 ta yi a Wagadugu, kuma duk wanda ya san ɗakin tsohuwar Bahaushiya ya san abin da shekara 40 ke tarawa: gado da katifa, kabad, jeren kwanoni da tasoshi, keken ɗinki, turmi har biyu. Direban farko da aka kira ya dubi kayan, ya yanka kuɗin da ya kusa kai darajar kayan kansu. Gwaggo ta zauna bakin gado ta yi shiru, can ta ce, "To ku bar ni nan, in mutu kusa da kayana." Wannan magana ce ta sa muka ga ya dace mu tattauna batun kayan ƙaura a wannan wata.

Mu mutanen Zango ba baƙin ƙaura ba ne. Kakanninmu fatake ne da suka riƙa ratsa ƙasar Mosi da jakuna, daga Kano da Katsina zuwa Salaga sayen goro, kuma daga zangon da suke yadawa ne unguwarmu ta Zangwetin ta samo sunanta. A shekarar 2003 aikin ZACA ya rushe Zangwetin da maƙwabtanta irin su Kuluba da Cedpalgo, aka ba jama'a filaye a wajen Waga 2000 da Nioko. Waccan ƙaura ta 'yan kilomitoci ce, amalanken jaki ma ya isa, amma duk da haka mun ga tukwanen da suka fashe da akwatunan da suka yi ɓatan dabo. To ina ga mai zuwa Kumasi, tafiyar kimanin kilomita 750, ko mai komawa Yamai, sama da kilomita 500?

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, tsadar ƙaura ba nisa kaɗai ke kawo ta ba. Idan ka yi shatar mota kai kaɗai, kuɗin zuwa da na dawowa ne direba zai ɗora maka, domin bai san ko zai sami kaya a can ba. Amma ƙasarmu ba ta da teku. Shinkafa, ƙarfe da sauran haja suna shigowa ne daga tashoshin jirgin ruwa na Tema, Lome da Abijan, kuma abin da muke shigowa da shi ya fi abin da muke fitarwa yawa. Saboda haka manyan motoci da dama kan sauke kaya a Waga su juya kudu fanko. Direban irin wannan mota ya riga ya ci kuɗin tafiyarsa, abin da za ka ba shi ƙari ne a kan kuɗin mai. Shi za ka nema. Je ka wajen Waga Inta, inda manyan motoci ke tsayawa kusa da ofishin duwan, ka yi tambaya. Idan ɗan kamasho ne ya haɗa ku, a yanke ladansa tun farko, a gaban direba. Haka muka yi wa gwaggo, kuma abin da muka biya bai kai rabin kuɗin farko ba.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu ba su taɓa fita su kaɗai ba, ayari suke yi ƙarƙashin madugu, a raba wahala a raba kuɗin fito. Kayan gida ɗaya ba safai suke cika babbar mota ba. A sanar a masallaci bayan sallar Juma'a, ko a gidan Sarkin Hausawa, cewa gidan wane zai tashi zuwa gari kaza a wata kaza. Sau da yawa za a sami mai kayan amarya da za a kai, ko ɗan kasuwa mai 'yan buhuna, a haɗa kuɗi a raba gwargwadon wurin da kowa ya ci. Kowane gida ya sa alamarsa da fenti a jikin kayansa.

Na uku, a rage kaya. Kayan da ya fi araha a tafiya shi ne wanda ba a ɗauka ba. Turmi, randa, murhu, benci da tsohuwar katifa duk akwai su a kasuwar Kumasi da ta Yamai, kuma wurin da suke ci a mota ya fi kuɗinsu. A sayar, ko a bayar sadaka. A tafi da keken ɗinki, injin markaɗe, tufafi da kayan sana'a, wato abin da zai ciyar da gida a can. Amma a nan muna jan kunnen 'yan'uwanmu maza. Kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, ko guminta ne. Kada maigida ko ɗa ya kira dillaliya ya sayar da kwano ko ɗaya ba da yardarta ba. Gwaggo da bakinta ta bar turmi ɗaya da kabad, amma ta ce tasoshin da uwarta ta ba ta ranar aure ƙafarta ƙafarsu. Ba wanda ya ja da ita.

Na huɗu, takardu. Kafin a ɗaura kaya a zauna a rubuta jerinsu ɗaya bayan ɗaya da Faransanci, a yi kwafi uku: na direba, na mai kaya, da na wanda zai tarbe su. A je ofishin magajin gari a nemi takardar shaidar sauya mazauni. Da waɗannan biyu ne za ka nuna wa 'yan duwan cewa tsofaffin kayan gida ne, ba hajar sayarwa ba. Kada a cusa sababbin kaya masu yawa cikin kwalayensu, kada kuma a loda buhunan gero ko masara, domin a 'yan shekarun nan gwamnati ta hana fitar da hatsi sai da izini na musamman. Buhu biyu na iya tsayar da mota kwana da kwanaki a Dakola. A tuna kuma cewa tun ranar 29 ga Janairu 2025 ƙasarmu da Mali da Nijar sun fita daga CEDEAO. Jama'a na ci gaba da wucewa, amma kowa ya tabbata katinsa ko fasfonsa bai mutu ba.

Na biyar, lokaci da hanya. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, duk wanda zai yi lodi ya ga tampol da idonsa, ya duba ko ba ya yoyo. Gab da Babbar Salla raguna kan cika motoci, kuɗin lodi ya hau. Mai zuwa Gana zai bi ta Po, Paga, Bolga da Tamale. Mai zuwa Nijar kuwa lissafinsa dabam ne. Tsohuwar hanyar Fada Ngurma da Kancari ta zama mai hatsari saboda 'yan bindiga, manyan motoci sun koma bin Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja, kuma akan yi makonni ana jiran tashi. Shawararmu ga mai komawa Yamai, Konni ko Maraɗi ita ce ya sayar da duk abin da zai sayu, ya aika kuɗin, ya bar wa mota abin da ba shi da madadi. Kada a ɗora mata da yara a kan kaya don ragin kuɗin mota. Babu kabad ɗin da ya kai rai.

Daga ƙarshe, araha ba ta ado. Wani maƙwabcinmu ya taɓa ba wani direba kuɗi duka a hannu don ya yi masa ragi, ba shaida ba takarda. Da suka isa iyaka direba ya ce kuɗin hanya ba ya cikin ciniki, ko a ƙara ko ya sauke kaya a bakin titi. Dole ya ƙara. Don haka a yi ciniki gaban shaidu biyu, a faɗi a fili wa zai biya masu lodi, wa zai biya kuɗin hanya, kuma a ƙofar gida za a sauke ko a tasha. A rubuta lambar mota da lambar wayar mai ita. A ba da rabi a nan, rabi sai kaya sun sauka. Idan da hali, saurayi ɗaya daga cikin dangi ya bi motar. Kuɗi, zinariya da takardun gida kuwa a jikin mai su suke tafiya.

Gwaggo ta bi motar fasinja, kayanta suka same ta bayan kwana huɗu, madubi ɗaya ne kawai ya tsage. Ta aiko a gaida kowa da kowa, ta ce a faɗa wa wadda ta gaji turminta ta riƙa shigar da shi ɗaki idan hadari ya taso.

Duk wanda ke shirin tashi a watanni masu zuwa, ya kawo sunan garin da zai nufa ofishin wannan jarida, mu sanar a wannan shafi ko Allah zai haɗa shi da abokin lodi. Allah ya kai kowa gida lafiya, shi da kayansa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.